Safar Likita da Huffin Tanko

Daga mahaifinka, Idi mai yadi, a Magarya, zuwa ga ɗana Laminu.

Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da aka tura ka. Innarka tana gaishe ka, ko da yake yanzu haka tana gabana tana ɗaure maka kaya, kai kuma kana zaure kuna sallama da abokanka, ina jin dariyarku. Kada ka yi mamaki uba ya rubuta wa ɗan da suke gida ɗaya takarda. Na san halinka. In na kira ka in faɗa maka da baki, za ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka yi ta cewa “to, Baba” har in gama, maganar kuma ba za ta raka ka ko bakin tasha ba. Takarda ta fi ni naci, duk ran da ka buɗe akwati za ka gan ta. Rubutun na 'yan yaƙi da jahilci ne, da furfura na koye shi, saboda haka ko da yake ka zama mushe, wato malamin makaranta, kada ka bi ni da jan biro.

A ƙarƙashin rigunanka akwai ƙulli cikin farin yadi. In ka kwance za ka ga safa doguwa mai tauri, wadda ke kaiwa ƙarƙashin gwiwa, da huffi na jar fata, wato takalmin nan mai laushi da ke rufe ƙafa har idon sawu. Naka ne, kuma saboda su nake wannan rubutu.

Ran da ka dawo daga Damagaram bayan gama karatu, ka naɗe wando kana alwala a tsakar gida, ina zaune bakin ƙofar ɗakina, sai idona ya faɗa kan sharaɓarka ta hagu. Na ga jijiya ta taso ta murɗe a ƙarƙashin fata. Ban ce komai ba, don ranar murna ce, gida cike da 'yan barka. Amma na san jijiyar nan kamar yunwar cikina. Haka tawa ta fara, a ƙafar hagu, ina kusan shekarunka. Haka kakarka, wadda ba ka taras ba, ta ƙare rayuwarta tana jan jiki a tsakar gida muna cewa tsufa ne. Na so a ce gonarmu ta Mallawa za ka fara gada daga wurina, sai ga shi ƙafa ta riga ta. Aikin da za ka kama kuwa na tsayuwa ne, safe da yamma gaban allo. Ina tsoron ka ƙare kamar ni, Laminu, na faɗa maka a fili.

Ka san ni ina tafiya da ƙafata, ka san ni da sanda, amma ba ka san abin da ya faru tsakani ba. Shi zan gaya maka, ba don ka ji tausayina ba.

Sana'ar yadi bin kasuwa ce. Yau Dungas, gobe Guci, jibi Mallawa, wani lokaci mu tsallaka iyaka. Mu hau saman kaya a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ƙafafu na reto, mu sauka mu kafa rumfa, ni kuma ban iya ciniki a zaune ba. Mace in ta zo sayen atamfa so take a ware mata ita a tsaye, ta ga yadda zane ke sauka. Ina alfahari da tsayuwata, har ina yi wa maƙwabtan rumfa tsiya, ina ce musu raggaye. Da yamma in na cire takalmi sai in ga madaurinsa ya kwanta cikin fata, in na danna yatsa a idon sawu ramin ya zauna ya ƙi tasowa. Kafin safe kumburin ya sace, sai in ce gajiya ce, in koma.

Da abin ya ƙi sacewa, mutane suka fara kawo mini fassara. Wani ya ce sammu na taka a bakin rumfa, don kasuwata ta fi ta wasu ci. Wannan ta yi mini daɗi ƙwarai, don ta nuna na kai a yi mini hassada. Wani ya ce mataccen jini ne, a fitar da shi. Na tafi wurin wanzamin da ke mana aski, na ce ya yi mini tsaga a idon sawu ya kafa ƙaho. Mutumin kirki ne. Ya taɓa wurin ya ce, “Malam Idi, fatar nan ta yi ƙyalli, ba ta da kauri, ba na son sa mata aska.” Na ce, “Ƙafarka ce ko tawa?” Ya yi abin da na sa shi. Duk tsagar ta warke ban da guda ɗaya, ita ce ta buɗe ta zama gyambo.

To, kada ka bari ƙarfe ya taɓa ƙafar nan. Wanzami ya yi maka aski, ya tsaya a kai. Kuma in aka kawo maka fassarar ciwo ka ji ta faranta maka rai, ka sake dubanta da kyau. In mai sana'a da kansa ya ce ba ya son yi, kada ka matsa masa, ya fi ka ganin wurin.

Sai da gyambon ya fara wari, innarka ta yi mini kuka, sannan na je gidan likita na nan Magarya. Majo Isufu, babban mai jinya na wurin, shi ya yi ta wankewa yana naɗewa har ya rufe. Daga nan ya tura ni Damagaram, can babban likita ya auna ƙafar ya rubuta mini safa irin wadda ke hannunka. Da faransanci ya yi bayani, ban tsinci komai ba, sai da na dawo majo ya warware mini. Ya ce, “Malam Idi, jini sauka ba ta ba shi wuya, hawowa ce aiki. A cikin jijiya akwai 'yan ƙofofi masu hana shi komawa ƙasa, to naka sun saki. Safar nan tana matsewa sosai a idon sawu, tana sassautawa in ta yi sama, ita ke taya shi hawa. Ka sa ta da sassafe tun ƙafa ba ta kumbura ba, ka wuni da ita, ka cire in za ka kwanta. Ba magani ba ne da ake sha a gama, da ita za ku zauna.” Na ce masa to, irin to ɗinka.

Gaskiya na ji daɗinta da farko. Na wuni kasuwar Dungas a tsaye, na dawo gida ƙafa sakayau kamar an sake mini sabuwa. Sai wata rana a Guci, ina hawa kamiyo da yamma, wandona ya ɗage har gwiwa. Wani mai goro, wanda bakinsa ba ya ajiya, ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a ku zo ku gani, Idi ya aro safar matar kumandan!” Mota duka ta ɗauki dariya. Kafin kasuwa ta zagayo sunana ya koma Madam, daga Guci har Mallawa. Ni da ke yi wa mutane tsiya, da aka juyo kaina sai na kasa ɗauka. Dabarar da na yi ita ce in naɗo safar ƙasa, in linka ta a idon sawu, ta zama gajera kamar ta jandarma. Ashe linkin nan ɗauri ne. Ya shaƙe ƙafar, sama da shi ya kumbura, ƙasa da shi ya yi sanyi. Da majo ya ga shatin ya ce da yin haka gara rashin sawa.

Kai ma za a yi maka. Yaran lakwal, 'yan makarantar nan, idonsu ya fi na mai goro kaifi, kuma ba su da aikin yi sai kallon mushe daga hula har takalmi. Za su sa maka suna, wataƙila ma ya fi nawa muni. Ka bar su. Yaro in ya ga suna bai yi maka zafi ba, gajiya yake ya nemi wani abin. In ma ka ga dama ka ɗage wandon da kanka ranar farko, ka nuna musu, ka gaya musu yadda jini ke hawa da sauka, ka ga ka sami darasi kyauta. Abin da ban yarda ba shi ne ka linka ta. Ka ja ta ta miƙe sumul har ƙarƙashin gwiwa, kada ka bar mata ko tattara ɗaya.

Amma ba dariyar mutane ce ta raba ni da safa ba. Alwala ce.

Ka duba lamarin yadda na gan shi a lokacin. Majo ya ce a wuni da safa. Salla kuma tana son a wanke ƙafa. Da sanyi na yi wayo, in yi alwala da safe in riƙe ta har la'asar, ba ci ba sha, don kada in nemi bayan gida. Da bazara ta shigo wayon ya ƙare. Mutum ba ya wuni a rumfa cikin zafin nan bai sha ruwa ba, na gwada har jiri ya kusa kayar da ni kan atamfofin mutane. Sai na koma cirewa da azahar. In tuɓe safa, in yi alwala, in yi salla, in koma bayan rumfa in mayar. A nan ake yin ta. Ƙafa ta riga ta kumbura, ga danshi, ga gumi, safa kuma ba ta san lallashi ba. In yi ta ja ina nishi, ina haɗa zufa, masu saye suna ta sallama a gaba suna wucewa rumfar maƙwabci. La'asar ta zo a sake. Wata rana na zauna da safa a hannu, ladan yana kira, na ce a raina, to, Idi, ko ƙafa ko salla. Da na sa abin a haka, ai ka san wadda zan zaɓa. Na dawo gida na linke ta, na sa a akwati tare da babbar rigar Salla, har ina jin kaina wani bawan Allah da ya sadaukar.

Ban tambayi kowa ba. Ban gaya wa majo ba, don na ɗauka ɗan boko ne, zai ce in bar alwalar, in ji haushinsa. Ban gaya wa Malam Ɗahiru, limamin unguwarmu, ba, don na ga kamar in na tambaya ina neman a rage mini addini ne, ni da na yi ɗan karatu a zaure tun ina yaro. Ran da zan je ganin majo sai in ciro safar in sa, in tafi ina taƙama. Ya kan dubi safar, ya dubi ƙafar, ya ce, “Malam Idi, safar nan ta fi ni samun hutu.” In yi dariya in kawar da zancen. Daga baya ma na daina zuwa.

Haka aka yi shekaru. Sai fari ya zo, gyaɗa ta mutu, ba mai kuɗin atamfa. Ka tuna lokacin, kana kwaleji kana dawowa hutu kana iske mu mun rame. Na aje yadi na koma ɗauko hatsi daga tsallaken iyaka, kwana a saman buhu, tsayuwa a duwan wurin 'yan kwastan, tsayuwa a layi, tsayuwa a bakin awo. Ƙafar ta yi baƙi daga idon sawu zuwa ƙauri, ta yi tauri kamar icce. Ba wanda ya taɓa ta da aska wannan karon, da kanta ta buɗe a kan tsohon tabo. Gyambon da kake gani ke nan har yau. Majo yana wankewa yana naɗewa, ya rage ya ƙaru, likitan Damagaram kuma ya riga ya ce in ya kai ƙashi sai yanka. Tun daga shekarar nan ban sake salla a tsaye ba. Na cire safa don in tsaya gaban Ubangijina da wankakkiyar ƙafa, ga ni yau a zaune nake salla, ƙafar kuma ko ruwa ba a bari ya taɓa ta, shafa nake a kan naɗi.

Ina kwance a wannan ciwon Malam Ɗahiru ya zo dubiya. Innarka tana neman tsumma mai tsabta a akwati, ta fito da safar ta aje a kan tabarma, sabuwa ƙal kamar jiya aka saye ta. Malam ya ɗauka ya jujjuya, ya tambayi ta mece ce. Na gaya masa duka, har da bayan rumfa. Ina tsammanin zai yaba mini. Sai ya ce:

“Idi, shekara nawa muna masallaci ɗaya?”

Na ce, “Da yawa, Allah gafarta Malam.”

Ya ce, “Ka tambaye ni hukuncin riba, ka tambaye ni zakkar gero, har mafarki ka kawo mini in fassara maka. Wannan ce ka ga ta fi ƙarfin bakinka?”

Na ce, “Kunya na ji, Malam. Na ga kamar ragi nake nema.”

Ya ce, “Wa ya ce maka ragi ne? Sauƙi ne da aka aje tun ba a haifi kakanka ba, kuma don irinka aka aje shi. Haba, Idi. Haba.”

Sai ya yi mini bayanin huffi. Ya ce in mutum ya yi cikakkiyar alwala da ruwa, ya wanke ƙafafunsa, ya sa safarsa, ya ɗora huffin fata wanda ya rufe idon sawu tun alwalar ba ta karye ba, to duk alwalar da zai sake bayan nan, in ya zo ƙafa shafa kawai zai yi a kan huffin da jiƙaƙƙen hannu, sama da ƙasa. Ba cirewa, ba kokawa. Na san huffi, na sha ganin tsofaffin malamai da shi lokacin sanyi, har na karanta babinsa ina yaro na wuce. Bai taɓa zuwa mini a rai cewa da ni ake ba. Malam yana gama magana na juya fuska bango na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Tsakanin gidan likita da zauren Malam, in ka tashi da tuwo mai zafi za ka isa bai huce ba. Kowannensu yana riƙe da rabin maganina, ni kaɗai ke bin hanyar da ta haɗa su, na yi shekaru ina wucewa bakina rufe.

Wannan ita ce babbar maganata gare ka. Ran da ka ga abu biyu masu kyau sun tsaya maka, lafiyarka da addininka, ko aikinka da iyalinka, har zuciyarka ta ce dole ka yar da ɗaya, kada ka yanke hukunci kai kaɗai a bayan rumfa. Ka tashi ka tambaya. Ka tambayi malami kan abin da likita ya ce, ka tambayi likita kan abin da malami ya ce. Kai ɗan boko ne, za ka ji nauyin zuwa zauren malaman ƙauye kada su ce mushe bai san alwala ba. Ka je. Ni ba malami ba ne, abin da na rubuta maka na huffi ma ka maimaita shi gaban limamin garin, ya gyara maka inda na karkace.

Tanko baduku ne ya ɗinka mini nawa. Ka san Tanko, abokina tun muna kiwon awaki, shi kaɗai ke ce mini Madam in yi dariya. Da na je da zancen ya ce, “Ashe Madam takalmi take so, ai sai a yi mata na amare.” Ya zaɓi fatar akuya mai laushi, ya yanka da ɗan yalwa don safa ta sami wuri. Ta hagu ta riga ta wuce safa, majo ya hana a sa mata komai sai naɗinsa. Amma ta dama, wadda ita ma ta fara baƙi, safa da huffi suka tsayar da ita. Da ita nake dogarawa har in kai masallaci. Ka ga ke nan ba labari nake ba ka ba, abin yana aiki, ni ne na makara.

Yanzu ga yadda za ka yi, yadda maganar majo da ta Malam suka haɗu. Da asuba ka yi alwala ka yi salla. Sannan ka kwanta rigingine, ka ɗora ƙafafu a bango, ka yi laziminka a haka, jinin da ya sauka ya koma. Ka tabbata ƙafa ta bushe sarai. Ka juya safar ciki waje har dunduniya, ka sa yatsu, ka zaunar da dunduniya, sannan ka yi ta jan ta sama kaɗan kaɗan da tafin hannu, ba da farce ba. Ka ɗora huffi, ka sa takalmi a kai don kada ya taka ƙazanta. Shi ke nan har dare. A aji kada ka kafe wuri ɗaya gaban allo kamar turke. Ka zaga tsakanin bencina, ka riƙa ɗagawa a kan yatsu kana sauka, yara ma sun fi nutsuwa in ba su san ta inda mushe zai ɓullo ba. In an tashi hutun rana ka miƙe ƙafa a kan wani abu. A mota, duk inda aka tsaya ka sauka ka taka, ko da za a ce ka cika fitina. Safar kuwa da ruwan sanyi da sabulu ake wanke ta, a shanya a inuwa. Rana da wuta suna kashe robar da ke ciki, na taɓa shanya tawa kusa da murhu ta saki kamar tsohon wando. In ta saki da kanta don tsufa, kada ka yi mata rowa, ka nemi wata. Kada ka ara wa kowa, kada ka ari ta kowa, kowace ƙafa da awonta. In kuma wata rana ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tana ciwo, ko ka ga yatsu sun canja launi, ka cire safa ka nufi likita a ranar, kada ka jira motar kasuwa.

Za ka ce yaya aka yi na san awonka. Ka tuna safiyar da na tashe ka na ce tela yana son awon wando? Ka tsaya kana hamma ina zagaya idon sawunka da sharaɓarka da gefen yadi ina ƙullawa, har ka ce, “Baba, wane irin wando ne wannan?” To, wandon ke nan. Majo ne ya ce a auna da safe, shi ya duba awon ya rubuta, aka sayo a farmasi a Damagaram. Ya ce duk da haka kafin ka fara sawa ka kai ƙafar da safar wurin majon da ke kusa da ku ya gani da idonsa, don ba kowace ƙafa ke son matsi ba. Ka yi wannan a makon farko. Huffin kuwa, Tanko ya zo gidan nan ya auna sawunka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda ka gama alwala ka taka. Ya ce ƙafarka irin tawa ce sak, har karkacewar babban yatsa. Ya kawo mini shi da farkon damina. Ban sani ba ko ya sake ɗinka wani abu bayansa.

Kana nan ran da aka yi jana'izarsa, kai ka riƙe mini hannu har ƙofar gidansu. Amma akwai abin da ba ka gani ba, don kana sahun gaba da ni. Na yi niyya a raina cewa Tanko dai sai na tsaya masa. Sallar gawa ba ta da tsawo, ba ruku'u ba sujada, tsayuwa ce kawai, na ce ai wannan ba za ta gagare ni ba. Na aje sanda na shiga sahu. Tafiyar ta riga ta cika ƙafar, tsayuwa cik kuma ita ce abin da ta fi ƙi. Liman ya yi kabbara ta farko ina tsaye. Kafin ta biyu na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙauri, naɗin ya jiƙe, gwiwa ta saki. Na zame na zauna a ƙasa a tsakiyar mutane. Haka aka gama sallar abokina, kowa a tsaye, ni ina zaune ba na ganin komai sai dugadugan mutane. A cikinsu na gane naka. Wandonka ya ɗan ɗage, ina ganin jijiyar nan.

A wurin na yanke shawarar rubuta maka wannan takarda. Ban roƙe ka ka aiko mini da komai daga albashinka ba, innarka ce za ta yi wannan, ta kuwa iya. Ni abu ɗaya nake so. Ban san ran da za a fito da ni ƙofar gida a shimfiɗe ba, ko kusa ko nesa, Allah ne masani. Amma in ranar ta zo, ko gashinka ya yi fari, ina so ka aje duk abin da ke hannunka ka shiga sahun farko, ka tsaya a kaina da ƙafafunka biyu, daga kabbarar farko har sallama, ba mai riƙe da kai. Tsayuwar nan ba ranar ake shirya ta ba, Laminu. Tun yanzu ake fara ta, kowace asuba, ƙafa a bango, safa a hannu.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya da mutanen garin, Ya sa albarka a bakinka da allonka. Allah Ya tsare ka daga ciwon da kunya ke ɓoyewa. Allah Ya jiƙan Tanko, ka sa shi a addu'a duk ran da ka shafi huffin nan. Innarka ta ce in gaya maka yajin yana cikin gwangwani a kusurwar akwati, kada ka bari ya zube a kan safar. Na ji motsinku a zaure kuna tashi, bari in linke takardar kafin ka shigo. Gobe ba zan iya raka ka tasha ba, ka san dalili.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Idi mai yadi.